Muryar Mai Yankan Farce

Murfin wayar Ginika ya tsage, da roba aka ɗaure shi. A cikinta muke ɗaukar shirye-shiryen kulob ɗin rediyo da nake koyarwa ranar Asabar, a wata makaranta a unguwar Malam Inna, cikin Gombe. Shekarar da bam ya tashi a tashar mota ce, ko ƙofa iska ta buga sai yara su dubi juna.

Aikin wannan makon shi ne kowa ya yi hira da wani mai sana'a a unguwarsu.

"Malama, a fara da nawa!" in ji Ginika.

"Da wannan wayar mai bandeji?" in ji Abdulmumini. "A kai ta asibiti tukuna."

"Kai da ba ka da ko cajarta fa?"

Aka yi dariya, ta kunna. Ƙarar almakashi ta fara fitowa, ƙyas-ƙyas, irin ta masu yankan farce da ke zaga unguwanni. Sai muryar namiji, mai sanyi, yana gyaran murya kafin kowace magana. Ya ce bai daɗe a Gombe ba, amma ya san unguwar Madaki lungu-lungu.

Safiyyatu ce a gefena. Shekarunta goma sha uku, ita da ƙaninta suka gudo daga Borno bayan an kashe mahaifinsu, suna zaune wurin gwaggonsu. Na ji ta riƙe bakin mayafina.

"Malama," ta ce a kunnena, "Inuwa ne. Maƙwabcinmu a Borno. Shi ya nuna wa waɗanda suka kashe babanmu gidanmu. Kuma ya san na gan shi."

Na ce mata a hankali murya takan yi kama da murya, ai na koya musu kada su yanke hukunci da ji ɗaya. Mutumin ya sake gyaran murya a cikin wayar, ta runtse ido.

Na ce Ginika ta kashe.

"Ai bai ƙare ba, Malama. Mutumin kirki ne, har ya ce in sa masa shirinmu na makon jiya ya ji."

"Kin sa masa?"

"Duka! Ya ce mun fi na gidan rediyo iyawa."

Ni na koya musu cewa ɗan rahoto yakan rufe da sunansa da inda yake magana. A makon jiya Safiyyatu ta ƙi yin nata, kunya ta hana ta. Ni na lallashe ta, na riƙe mata wayar, har ta faɗa a fili: "Ni ce Safiyyatu Sa'idu, daga unguwar Hammadu Kafi, bayan famfon burtsatse."

"Da aka zo kan na Safiyyatu ma cewa ya yi in sake masa," in ji Ginika, tana murmushi. "Wai muryarta ta fi ta kowa daɗi. Ke, kin yi masoyi!"

Yaran suka kwashe da dariya. Ginika ta dubi fuskata, murmushin ya gushe.

"Yaushe aka yi haka?" na tambaye ta.

"Jiya da la'asar. Malama, na yi laifi ne?"

Na ciro wayata na kira gwaggon Safiyyatu. Tana kasuwa a irin wannan lokacin, ƙanin Safiyyatu kuma shi kaɗai ake bari a gida. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Na sake kira.

"Kowa ya zauna," na ce. "Kada wanda ya fita. Bari in kira shugaban makaranta."

Ina cikin neman lambarsa na ji an saki mayafina. Safiyyatu ta miƙe, ta mayar da kujerarta ƙarƙashin tebur a hankali, ta bar jakarta a nan. Ta taga na hango ta ta wuce maigadi, ta kama hanyar Hammadu Kafi.