Kwana uku ban faɗa wa Raliatou ba

Ran Talata Yaya Illiassou ya rasu a Maradi. Ran Juma'a ɗiyarsa Raliatou za ta kare littafinta na digirin dokta gaban malamai a Lyon ta Faransa. Dangi suka kira ni ina cikin shagona a unguwar Barbès, suka ce: "Batula, ki je, amma kada ki faɗa mata sai ta gama." Ni da bakina ba ya riƙe magana, ni suka ɗora wa wannan! Shekara biyar yarinyar nan tana wahala, in ta faɗi takardar zamanta a Faransa ma ta tafi. Na haɗiye kukana na hau jirgin ƙasa.

Ta tarbe ni a tasha tana rawar jiki. Cikin tiram, jirgin cikin gari, zuwa Bron inda jami'arta take, ta dinga yi mini bita.

"Gwaggo, kalma guda na bi, spinach, sunan da Ingilishi suka ba wani ganye ɗan'uwan alayyahu. Daga Farisa ta taso, Larabawa suka ce isbanak, suka kai ta Andalus, ta shigo Faransa, sannan ta ƙetare ruwa."

"Shekara biyar a kan ganyen miya? Kai, boko!"

Ta yi dariya. "Baba ne ya ja. A lambunsa na fara tambayar sunayen ganye. Kwana uku wayarsa ba ta shiga."

"Rezo ne, layin waya ba kyau," na ce. Wallahi na tsani kaina.

Mun iso ƙofar zauren ke nan sai ga Moctar, wani ɗalibi ɗan unguwarmu ta Maradi. Yaron kirki, abin da ya kashe mu ke nan. Ya gan ni, ya cire hula, ya rusuna har ƙasa.

"Hajiya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta."

Na zare masa ido, amma ina! Bakina da kansa ya amsa: "Amin, haƙuri sai Ma'aiki." Wa zai ji gaisuwar mutuwa ya yi shiru?

Raliatou ta dube ni. "Wane Malam?"

Aka kira sunanta.

Ta shiga, na bi ta na zauna a baya. Malamai biyar sun jeru, an ba ta minti ashirin. Ta fara da Faransanci, na ji ta ambaci Farisa, sai ta tsaya. Ta tsallake kawunan malaman ta nemo ni, ta yi magana da Hausa, zauren duka yana ji.

"Gwaggo, an riga an kai shi?"

"Tun Talata, ɗiyata."

"Kuma kika bar ni ina dariya a tiram."

Babban malamin ya tambaye ta ko tana son ruwa. Ta girgiza kai, ta koma kan Larabawa da Andalus, hawaye na ɗiga kan takarda, har ta kai ƙarshe. Sun ba ta digirin. Wata huɗu ke nan ina kiranta, ba ta ɗauka.