Cokali Biyu

"Zauna tukuna, Kafinta," Baba Mai Agogo ya ce, ya riƙo gefen rigata. "Saura minti uku."

Muna kan bencin ƙarshe a kantin abincin asibiti, kusa da famfon wanke hannu. Da safen nan malamar jinya ta soka mini allura a yatsa, ta duba na'urarta, ta ce, "Malam, kai ma jinin kake nema. Ba za mu ɗiba ba." Autata na kwance a ɗakin yara, an sa ranar yi mata aiki a ciki nan da mako uku, kuma likita ya ce ba zai taɓa ta ba sai an ajiye mata jini. Irin nata ba ya samuwa da sauƙi, kaf gidanmu nawa ne kaɗai ya dace. Aka ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, aka ce in je in ci abinci mai kyau. Ni da na rufe shago tun ranar da aka kwantar da ita, ina zan samo mai kyau?

Baba Mai Agogo maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu shekara goma sha tara. Gyaran agogo yake yi, har wayar hannu ta zo ta kashe kasuwar. Matarsa ta yi wata huɗu a asibitin nan kafin ta rasu, shi ya sa babu lungun da bai sani ba. A bakin ƙofa ya tsince ni ina tsaye kamar an dasa ni, ya ja ni zuwa nan.

"Ka ga agogon bangon can? Yana gaba da minti bakwai. Shi kaɗai ne agogon da ban taɓa sha'awar gyarawa ba."

Da ya nuna biyu da kwata muka tashi. A lokacin likitoci da ma'aikata sun gama, abin da ya rage a tukwane ana sayar da shi rabin kuɗi kafin a yi wanke-wanke. Mai zuba abincin wata dattijuwa ce mai kauri, kowa Inna yake ce mata.

"Tsohon nan, har yanzu kana nan da rai?"

"Ina jiran ranar da za ki iya girki, sannan in tafi da daɗin baki."

"Ashe za ka daɗe."

"Faranti ɗaya, cokali biyu. Ki kai ludayin ƙasa, ban da ruwan sama."

A hanyar komawa benci ya yi mini bayani ƙasa-ƙasa, kamar mai tona asirin gwamnati. Masu zuwa da wuri ruwan miya suke sha. Hanta da wake da ganye nutsewa suke yi, sai na ƙarshe ke samunsu. Ruwan zafi kuma kyauta ne, ganyen shayi kawai za ka zo da shi a aljihu.

Ya ɗauki cokalinsa ya ja layi a tsakiyar shinkafar. "Nan gonarka, nan tawa. Kada awakinka su shigo."

Haka muka yi kullum. Ƙarfe biyu zan bar uwar yarana a gefen gado in sauko, in tarar ya kama mana benci. Ni kuwa bakina ba ya hutawa. Auta ta yi amai. Auta ta ƙi shan magani. Idan jinin bai hau ba fa, Baba? Idan aka ɗaga ranar, abin ya fashe a cikinta fa? Shi dai sai ya ce, "Ci, Kafinta. Tsoro ba ya ƙara jini."

Layin nan kullum matsawa yake yi wajensa. Da farko a tsakiya yake, bayan mako guda gonarsa ba ta fi loma huɗu ba. Hantar duk a ɓangarena take faɗowa.

"Baba, ai ba ka ci komai ba."

"Na ci a gida. Kai dai ina raka ka ne kada Inna ta cuce ka."

Wata rana ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, agogonsa ya zame har gwiwar hannu. Na ga ya huda sabbin ramuka biyu a maɗaurin, ga kuma filasta a bayan hannun. Na ce, "Baba, ka rame." Ya ce tsufa ne, ba ya zuwa da ƙiba. Na karɓa. Gaskiya ban so ya ba ni wata amsar ba, don kaina ba shi da sauran wurin ajiye ta. Na ci gaba da ba shi labarin zazzaɓin Auta, ina cinye hantarsa.

Saura kwana biyu a yi aikin aka sake gwada ni. Malamar jinyar ta dubi na'ura, ta dube ni, ta ce, "Kwanta." Ina kallon ledar jinin tana cika, hawaye na gangaro mini cikin kunne. Da aka sallame ni ban bi ta ɗakin yara ba, kantin na nufa, hannuna a naɗe da auduga.

Bencin babu kowa.

"Inna, Baba bai iso ba?"

Ta ajiye ludayi, ta goge hannu a zaninta, ta daɗe tana gogewa. "Yana sama, ɗakin maza. Jiya da ka tafi ya faɗi a bakin famfon can." Ta kalli fuskata. "Wai da gaske ba ka sani ba? Wata uku ke nan kullum da safe yana zuwa karɓar magani. Ciwon daji ne a cikinsa, abinci ba ya zama. Ya ce kada in faɗa maka, wai kayanka sun ishe ka."

Ban san yadda na hau matakalar ba. Gadonsa na jikin taga. A cikin rigar asibiti ya koma kamar yaro, an cire masa agogo an ajiye kan durowa kusa da tabaransa.

"An ɗiba?" ya ce, tun kafin in yi sallama.

"An ɗiba, Baba."

"Madalla." Ya lumshe ido. "Ƙarfe nawa?"

"Uku saura."

"Kash. Ka yi asarar hanta."

Na durƙusa a gefen gadon. Na ce, "Baba, mako uku ina zuba maka surutu, ko sau ɗaya ban tambaye ka me ya kawo ka asibiti ba."

"Da ka tambaya da ƙarya zan yi maka, ka ga ka hutar da ni." Ya yi tari, na ɗaga masa kai. "Ni ma riba na ci. Na manta rabon da in zauna cin abinci da mutum. Tashi ka je wajen yarinya. Ka ce mata idan ta warke akwai wani ƙaramin agogo ja a akwatina, nata ne."

Ranar aikin, tun da hantsi nake tsaye a ƙofar tiyata. Sau biyu na ce bari in leƙa sama, sau biyu ƙafata ta ƙi barin ƙofar. Wajen azahar likita ya fito ya ce an gama lafiya, jinin ya yi amfani. Na ruga sama da albishir a bakina, na tarar an yaye zanin gadon, wata ma'aikaciya tana goge katifar. Ta ce tun ƙarfe goma sha ɗaya ya cika. Ta ce bai wahala ba. Ɗansa da ke aiki a nesa yana hanya. Allah ya jiƙan Baba.

Bayan kwana huɗu Auta ta fara shan ruwan shayi, har ta tambayi wane irin ja ne agogon. Uwarta ta ce in sauka in sa wani abu a cikina, kada ni ma a ba ni gado. Na zauna a bencin ƙarshe har agogon bango ya nuna biyu da kwata. Inna ba ta yi mini wasa ba. Ta kai ludayi ƙasan tukunya, ta zuba, ta miƙo. Sai da na zauna na ga cokali biyu ta sa.

Na hango ta ta taho da sauri za ta ɗauke ɗayan, sai ta tsaya a tsakiyar kantin, ta juya ta koma wajen tukwanenta.

Na ɗauki cokalin na ja layi a tsakiyar shinkafar. Na ci nawa ɓangaren. Ɗayan yana ta tururi, har ya daina.