Kabarin Gimbiya

Da kifi ya ƙare a gaɓar garinmu, sai mutanen garin suka tuna suna da tarihi. Ni na koyar da shi a makaranta har gashina ya yi fari, ba wanda ya saurara. Yanzu kowane masunci da komarsa ta ruɓe ya zama masani.

Mutanenmu na da can sukan kafa farantin tangaran a bangon kabarin wanda suke ƙauna. Da Zuhura, matata, ta rasu, na binne ta kusa da kangon tsohon masallaci, na kafa farantin da take zuba mini shinkafa da kwakwa, na rubuta sunanta a siminti da yatsana. Iskar teku ba ta daɗe ba ta tsofar da ginin.

Wata safiya na iske Faki, ɗan ƙanwata, tsohon masunci da ya koma zagayawa da baƙi, tsaye a kan kabarin tare da Turawa, ya kare rubutun da ƙafafunsa.

"Nan gimbiyar Farisa take kwance," in ji shi. "Jirginta ya nutse shekara ɗari shida da suka wuce."

Na jawo shi gefe. "Kai, mara kunya! Gimbiyar taka ita ta yi maka wankan jariri."

"Haba, Kawu! Wa zai ƙetaro teku don ganin matar malamin makaranta? Ai ƙarin girma na yi mata. Kai da ranta ko sarauniya ka taɓa kiranta?"

"Sunanta nake kira."

"To sunan ne matsalar. Wasunsu sun iya karatu."

Na kai ƙara wurin dattawan gari. Suka ba ni kujera da gahawa. Shugabansu ya ce in duba gidaje nawa ne ke ɗora tukunya albarkacin gimbiyar. Liman ya duba ƙasa, ya ce dama rubutu a kabari ba abin so ba ne.

Ranar Juma'a na tarar an kankare sunan, an shafa wa wurin laka. An ja igiya, an kafa allon sanarwa mai labarin gimbiyar.

Na tsaya bayan baƙi, Faki yana ta zuba. Da ya kai wurin nutsewar jirgi, na ɗaga murya na ce, "Zuhura 'yar Makame."

Wata Baturiya ta waiwayo, ta ɗora yatsa a leɓenta, ta nuna mini kabarin.