Dalmar Falalu

...kuma wai kada ruwa ya taɓa tukunyar. Ko ɗigo ɗaya, Kubura, ko gumi. Haka kake faɗa min kamar kana karanta min wasiyya. To ga ni a cikin ɗakin katakonka na bayan gida, da rana tsaka, hannuna jiƙe da ruwan wanke-wanke, ina taɓa duk abin da na ga dama. Zo ka hana ni mana. Daga Birmingham ka miƙo hannu ka hana ni.

Tukunyar narka dalma. Ludayi. Ƙarfen zubi mai baki biyu. Ɗan ma'aunin nan da ka fi lallaɓawa fiye da yadda ka taɓa lallaɓa ni... duk cikin baƙar leda. Duka.

Injiniya guda! Shekara tara kana zana wa hukumar gari gadoji, rana ɗaya suka ce an rage kuɗi, suka ba ka kwali ka zuba kayan teburinka. Wasu mazan suka kama tasi. Wasu suka koma karatu. Kai kuwa, Falalu, sai abokinka Davou ya ja ka ƙungiyarsu ta masu wasan harbin takarda da bindiga, ka dawo da lasisin bindiga kana murmushi kamar an yi maka haihuwa. Harsashi ya yi tsada, in ji ka, gara mutum ya zuba kan harsashinsa da kansa. Musulmi, baƙar fata, a nan unguwar Levenshulme, yana dafa dalma a bayan gida. Wa ya aike ka? Wa?

Sai ƙarfen ya yi zafi sosai, in ji ka, in ba haka ba kan harsashin ya fito da tamoji. Dubi wannan, Kubura, ya yi sumul. Dubi wancan, gindinsa bai cika ba, sai ya koma tukunya. Ka auna ɗaya bayan ɗaya, ka jera su a kan tsumma, ka rubuta a littafi. Ni ina tsaye da goyo a bakin ƙofa, abinci yana hucewa, kana ce min in ja baya, kada yarinya ta shaƙi hayaƙi.

Kada yarinya ta shaƙi...

Batulu ba ta ci. Batulu ba ta barci. Shekara uku, maganarta ba ta kai ta 'yar shekara biyu ba. Cibiyar yara ta unguwa da za su lura da wuri — an rufe, an sa mata kwaɗo tun bara. GP, likitan unguwa, ya ce a ɗebi jini. Sati ɗaya ya kira ni, yana magana a hankali kamar mai tafiya kan ƙwai: akwai dalma a jininta, da yawa. Ko akwai inda take haɗuwa da dalma a gida?

Ko akwai! Na yi dariya a gabansa. Ni 'yar Zamfara ce, likita. Na san abin da dalma ta yi wa yaran ƙauyukanmu shekarun nan, na ji ana ƙirga su a rediyo, ɗari-ɗari. Na tsallake teku, na kawo 'yata inda ba a haƙar zinariya, sai ga ubanta ya gina mata mahaƙa kusa da igiyar shanya.

Ka rantse. Ka ce rigar aikinka ba ta taɓa shiga gida ba, nan take rataye. Ka ce takalmin daban, sabulun daban, ƙofar kullum a kulle, fanka na jan hayaƙi waje. Ka yi kuka. Ban taɓa ganin ka yi kuka ba, ko ranar kwalin, kuma wallahi ban ji tausayinka ba, daɗi na ji. Na ce ka fita. Ka tafi unguwar Ladywood a Birmingham wajen Yaya Ja'afaru, ka kwanta a kujerar falonsa, ka auna laifinka a can.

Ni na kira 'yan sanda. E, ni ce, ba maƙwabta ba kamar yadda kake zato. Na ce mijina ba ya aiki, ba ya cikin hayyacinsa, ga bindigogi biyu a akwatin ƙarfe. Ban yi ƙarya ba... ban yi ƙarya sosai ba. Suka zo su huɗu, suka kwashe, suka karɓe lasisin. Duk layin sun leƙo ta labule. Yanzu sunanka yana cikin wata takarda da ba za a taɓa gogewa ba, kuma ranar Litinin kana da ganawar neman aiki, ta farko cikin wata takwas —

Ledar nan ta yage. Dalma nauyi gare ta, tsinanniya.

Me ya kawo Celestina yau da safe? Asabar ce. Ma'aikaciyar jinya ba ta zuwa gida ran Asabar. 'Yar Jos, Hausarta ta fi tawa daɗi, ta zauna a kicin ta ƙi shan shayi. Ta ce an gwada ƙurar gidan: ƙofa, kafet, gadon yarinya, babu komai. An gwada jininka, Falalu. Kai da kake tsaye kan tukunyar... tas. Lafiya lau.

A nawa jinin aka samu dalmar. Ni da Batulu.

To ni da me? Ban taɓa ludayinka ba sai yau. Na ce kuskure ne, su sake. Ta ɗaga haɓar yarinyar, ta daɗe tana kallon fuskarta, sannan ta juyo ta kalli tawa.

"Maman Batulu, me kike sa mata a ido?"

Kwalli ne. Kwalli kawai! Na dutse, mai ƙyalli, wanda Inna ta niƙa da hannunta ta zuba a tandu ta aiko min ranar suna. Yana wanke ido. Yana kore kambun baka. Da shi aka raine ni, da shi aka raini Inna, wa ya mutu? Kowace safiya bayan wanka, tun tana kwana bakwai, in ɗora ta a cinya, in lasa tsinken, in ja mata layi, in ja wa kaina. Ta mutsuke ido ta sa yatsa a baki, in yi dariya. Kowace safiya... shekara uku.

Celestina ta ɗebi kaɗan a 'yar kwalba. Ta ce dutsen irin wannan sau da yawa kusan duk dalma ne. Ta ce sai an gwada tukuna, amma in ɓoye shi. Sai an gwada. Ai ba a gwada ba. Ba a tabbatar ba, ka ji? Kada ka soma yi min wannan shirun naka na mai gaskiya. Da ba ka kawo tukunyar nan gidan ba, wa zai zarge ka? Da ka kama tasi kamar kowa... da ka yi min ihu ranar, maimakon kuka...

Tandun yana aljihuna. Ɗan ƙarami, bai kai babban yatsa ba. Na kasa sa shi a ledar.

Ƙafafu a kan tsakuwa. Batulu ce, ta buɗe ƙofar kicin da kanta, yaushe ta koya? Ga ta a bakin ɗakin, inda ka ja mata layi da fenti ka ce kada ta wuce, kuma ba ta wuce ba, ko yau da ba ka nan. Ta ɗago fuska, ta rufe ido, ta turo min ita kamar kullum in za a ja mata kwalli.

"Mummy. Do me eyes."

Fuskar fayau, ba layi. Ban taɓa ganin idonta haka ba... irin naka ne, ashe. Tana jira. Ba ta buɗe ba, tana jira.