Tafintan Gidan Dutse

Hoton ya fi shekara a aljihun Elias. Ba nasa ba ne, daga teburin Fergus ya ɗauke shi da sunan aro. Doguwar hasumiya ce ta dutse, ganye ya lulluɓe gefe guda, ga kogi a gindinta. Mai hoton ya tsaya ne ta inda ba a ganin cewa ginin ba shi da rufi.

Elias ya karanta tarihi a ƙasar Ailan da taimakon limaman cocin Katolika na mishan, ya dawo yana koyarwa a jami'a a Samaru. A Ailan ɗin ya san Fergus, har ya taɓa yin hutun Kirsimeti a gidansu, don haka babu abin da bai sani ba game da ginin. Daga baya Fergus ya zo Samaru aikin binciken dawa, leburorin gona suka mai da sunansa Fagos. Ya ga Keziya, ƙanwar Elias, wadda take aikin jinya, ya ce ita yake so. Ita ma ba ta ce a'a ba.

Tun daga nan hoton ya fara yawo. Ya je kulob ɗin malamai, ya je shagon aski, ya je ƙofar coci a Sabon Gari ranar Lahadi. "Gidan sarauta ne," in ji Elias, "ya kai shekara ɗari biyar a hannunsu." Sai ya mayar da shi aljihu a hankali.

Mahaifinsu, Baba Sati, tsohon ma'aikacin reluwe ne kuma katikis, mai koyar da addini a coci. Ya kalli hoton sau ɗaya ya miƙa. Ya ce shi ba ya ba da 'ya sai ya san asalin gidan da za ta shiga. Da a ce mutumin Kagoro ne ko na Wusasa, da an tura a bincika. Tunda babu mai zuwa Ailan, to mutumin ya zo gidansa a unguwar Muchia ya faɗi asalinsa da bakinsa. In ya gamsu, ya bayar. In bai gamsu ba, shi ke nan.

Ranar Asabar da hantsi Elias da Fergus suka taso daga Samaru a motar Fergus ƙirar Fijo. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo.

"Ka taƙaita," in ji Elias da Turanci. "Wanda ya gina, da shekarar da aka gina, sai ka tsaya."

"Asali ya tambaya."

"Asali a nan ba abin da kake tsammani ba ne. So yake ya ji ku mutanen kirki ne."

"To ai abin da ake son sani ke nan," in ji Fergus, ya kauce wa wani rami.

Elias ya mai da ido kan hanya. Ya san tsohon. Kakar Baba Sati mahayan sarki masu kamun bayi ne suka ɗauke ta daga gona, ba a ƙara jin ɗuriyarta ba, kuma har yau tsohon ba ya cire hula ga mai sarauta sai dole.

A falo aka zauna. Baba Sati yana kujerarsa, ƙarƙashin kalandar coci. Kusa da shi ƙanensa ne, Baffa Umaru, wanda ya musulunta tun yana saurayi, yanzu dillalin hatsi ne a kasuwar Sabon Gari. Keziya da mata suna ɗakin ciki, labule kawai ya raba su da falon.

"Fagos, ina dawa?" in ji Baffa Umaru. "An ce kana koya mata girma. Mu da muka gaje ta ma ba ta jin maganarmu."

"Dawa lafiya lau," in ji Fergus da Hausarsa ta gona. "Tana gaishe ka."

Aka yi dariya. Baba Sati ya ce shi Turancin reluwe ya iya, wannan na Fagos kuwa kamar mutum na tauna rogo da zafi, don haka Elias ya fassara.

Fergus ya ɗora hannuwa a gwiwa ya fara. Kakansu na farko ya gina hasumiyar don tsare mashigin kogi, yana karɓar kuɗin fito daga masu wucewa. Elias ya fassara daidai, har ya ƙara cewa kaurin bangon ya kai tsawon mutum a kwance. Baffa Umaru ya ce, "Iko sai Allah."

Sai Fergus ya ce da Ingilishi suka ci ƙasar, suka kafa doka cewa ɗan Katolika ba zai riƙe irin wannan gida ba, sai wani kakansu ya bar cocin, ya karɓe gidan daga hannun yayansa. Yayan ya ƙare a bukka.

"Ya ce da zamani ya juya," in ji Elias, "sai ɗaya daga cikinsu ya yi dabara, gidan bai fita daga zuriya ba."

Baba Sati ya gyaɗa kai.

Fergus ya ci gaba, idonsa a kan tabarma. An yi shekarun yunwa, dankalin da talakawa ke rayuwa a kansa ya ruɓe a ƙasa. Rumbunan gidan kuwa cike suke da hatsi. Kakan kakansa ya loda hatsin a jirgin ruwa ya sayar a waje, inda ya fi tsada. Manoman da ke zaune a ƙasarsa suka kasa biyan haya, ya sa aka kware rufin ɗakunansu don kada su koma. Wasu suka mutu a bakin hanya, wasu suka hau jirgi zuwa Amurka. Bayan shekaru, lokacin yaƙin neman 'yanci, jikokin waɗanda suka rage suka zo suka cinna wa gidan wuta. Yanzu shanu ne ke fakewa a ciki. Mahaifiyarsa tana zaune a ɗakin mai gadi na da, a bakin ƙofa.

Da ya gama, ya dubi Elias.

"Ya ce an yi yunwa irin tamu ta shekarar fari," in ji Elias. "Kakansa ya yi ta fitar da hatsi daga rumbu. Mutanensa da yawa ta dalilinsa suka samu hanyar zuwa Amurka. Daga baya gobara ta taɓa wani sashe. Mahaifiyarsa na nan tana kula da wurin."

"Allah ya ji ƙan wannan bawan," in ji Baffa Umaru.

"Yaya, ba haka ya ce ba."

Daga bayan labule muryar ta fito. Ba ta ɗaga ba, amma kowa ya ji. Wata cikin matan ta ce, "Ke Keziya!"

"Wa ya sa ki a maganar maza?" in ji Elias.

"Ai maganata ake yi, Yaya. Kuma ni ma na je makaranta."

Baba Sati bai dubi labulen ba. Ɗansa ya duba, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya juya ga baƙon.

"Fagos, bar Turanci. Faɗa mini da Hausar da kake yi wa dawa."

Fergus ya yi ja har kunne. Ya lalubo kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Baba, yunwa ta zo. Mu muna da abinci. Mun sayar. Mutane ba kuɗi, mun cire rufi, mun kore su. Sun mutu. Yaransu sun ƙone gida. Ba gobara ba. Su ne." Ya tsaya, ya ƙara, "Kuma mun bar coci don gida."

Baffa Umaru, wanda kowa a Muchia ya san ya kulle sitonsa na dawa a shekarar fari har sai da mudu ya ninka, ya sunkuya yana gyara maɗaurin takalminsa, takalmin da ba shi da maɗauri.

"Kai ka san wannan?" Baba Sati ya tambayi Elias.

"Na sani, Baba."

"Ka je wurin?"

"Na je."

"Akwai rufi?"

"Babu."

"To hoton nan da kake nuna wa mutane a ƙofar coci fa?"

Elias ya so ya ce don Keziya ya yi, don kada a hana ta. Maganar ta zo har bakinsa ta tsaya. Tun kafin a yi zancen ranar yau yake yawo da hoton. Ya tuna daɗin da yake ji idan abokan aiki suka karɓa suna jinjina kai, kamar shi ne zai gaji hasumiyar. Ya tuna kuma da yammacin da mahaifiyar Fergus ta zaga da shi bayan ginin, ta nuna masa tsibin duwatsu a cikin ciyawa, ta ce nan ƙauye ne a da. Har darasi ya koyar a kan wannan yunwa a aji, zangon da ya wuce.

Ya sunkuyar da kai.

Baba Sati ya jawo farantin goron da Fergus ya kawo, ya ɗauki ɗaya yana juya shi a hannu.

"Mahaifiyar taka, mutanen garin suna gaishe ta?"

Fergus ya gane ba tare da an fassara ba. "Wasu. Wasu ba sa yi."

"Tana gaishe su?"

"Kullum."

Tsohon ya juya wajen labulen. Sannan ya ɗaga murya kaɗan. "Keziya, kin ji gidan da za ki shiga?"

"Na daɗe da ji, Baba. Ya gaya mini tun kafin ya ce yana so na."

"Kuma kina nan a kan bakanki?"

"Ina nan."

Baba Sati ya ɓare goron. Ya ba ƙanensa ɓari, ya miƙa wa Fergus ɓari, ya gutsuri na hannun Fergus ɗin kafin ya sake masa.

"Ka turo manyanka na wurin aiki wata mai zuwa, a sa rana. Ka zo da wanda ya iya Hausa, ko ka zo da taka haka. Ta isa." Ya juya. "Elias, ba mutumin nan hotonsa."

Elias ya ciro shi. Gefunansa sun lanƙwashe, gumi ya jiƙa bayansa. Ya miƙa, Fergus ya karɓa bai kalla ba, ya ba tsohon, ya matso da kujerarsa yana nuna masa da yatsa inda rufin yake a da, da inda ƙauyen yake, can wajen da hoton bai kai ba. Baffa Umaru ma ya leƙo.

"Je ka ce wa mata su kawo abinci," in ji Baba Sati, bai ɗago ba.

Elias ya tashi. A bakin labule ya tsaya, ya rasa da wace fuska zai ɗaga shi. Keziya ce ta ɗaga daga ciki, da tire a hannunta. Ta ce, "Gafara, Yaya," ya matsa mata ta wuce.