Tumatirin Kulu da Allon Alhaji

Shekara da shekaru, in Kulu ta gama sayen tumatiri a lambunan Fammar, saƙon baka kawai take aika wa Habu direba. Kafin rana ta yi zafi motar Alhaji Shamsuddeen ta iso, a loda kwanduna, sai Kano. Ba a taɓa jin kansu ba.

Sai Alhaji ya je ɗaurin aure birni, ya leƙa ofishin abokinsa Alhaji Manu mai kamfanin sufuri, ya ga ƙaton allon kwamfuta a bango, motoci na yawo a kai kamar tururuwa. Shi ke nan fa, barci ya ƙaurace masa. Mutumin da motocinsa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba! Ya sayo manhajar bin sawun motoci, ya kafa allon a ofishinsa na Rano, ya juya fuskar allon titi don masu wucewa su gani. Ya kuma kafa doka: kada direban da ya tayar da mota sai na'ura ta ba shi izini.

Ranar da Kulu ta zuba duk abin da ta mallaka a tumatiri, ta aika, shiru. Hantsi ya yi, shiru. Ta hau acaɓa ta zo Rano da kanta, ta tarar da Mika'ilu, wanda aka ɗauka don danna na'urar, yana ta gumi.

"Hajiya, sunan titi da lambar gida take nema," in ji shi.

"Lambar gida? A fadama? Kai Mika'ilu, ka ji tsoron Allah! Bakin rafi ne, bayan tsamiya."

Ya rubuta bayan tsamiya, ta ƙi. Ya ƙirƙiro lamba, ta ce babu wannan wuri a taswira. Ga mota a ƙofa babu komai a cikinta, ga Habu zaune da makulli a hannu.

"Wallahi Hajiya, ido rufe zan je," Habu ya ce. "Amma sun maƙala wa motar wani abu. Ina motsawa Alhaji zai gani, ya sallame ni."

Ta kira Alhaji har wayarta ta mutu, bai ɗauka ba, yana Kano. Ta bi tasha, duk motocin sun riga sun yi lodi sun tafi. Washegari kwandunan suka fara tsiyaya, ƙudaje suka yi musu baƙi. Kulu ta tsaya a kansu, takaici ya hana ta ko kuka. Tir da wannan kwaikwayo!

Da ta ji Alhaji ya dawo, ta tafi ko zanin da ruwan ruɓaɓɓen tumatiri ya jiƙa ba ta sake ba. Ta same shi fuska a murtuke, yana hararar allon. Har ta ɗan ji sanyi, ta ɗauka labarinta ne ya iso masa.

"An cuce ni, Kulu," ya ce. "Ashe manhajar da aka sayar mini, Alhaji Manu tun bara ya watsar da irinta, wai ba ta da amfani. Wata sabuwa suke yi yanzu, aka bar ni da tsohon yayi, ana yi mini dariya. Amma na ba da odar sabuwar. Ki zo mako mai zuwa ki ga allo."

Ya yatsine hanci, ya waiwaya.

"Wai warin mene ne haka a ofishin nan?"

"Jarina ne, Alhaji," in ji Kulu.