Jar Hular Oga

Tsintsiya ta danna maɓallin gogewa, layuka cike da allo suka ɓace, ta ƙyalƙyale da dariya ita kaɗai har tana juyi a kujera. Ba banza 'yan ofis suka raɗa mata wannan suna ba, ba ta iya ganin kod, wato rubutun manhaja, a hargitse ta wuce. Yau kuma wa'adin gwajinta ke cika. In Oga ya karɓi gyaranta ta samu aiki, in ya ƙi sai gida.

Manhajarsu kan ɗauki kwamfutar da ke zaune cikin wata babbar na'ura ta mayar da ita cikin wata, tana tsaka da aiki, ba a kashe ta ba. Yawanci takan isa lafiya. Wani lokacin kuma ta isa tana sambatu, ta sume. Wannan matsala suke kira Aljani, shi ya sa Oga ba ya yarda a yi ƙaura sai ya ɗora jar hularsa ta sa'a.

Ita dai ta ga aiki guda an kwafe shi wuri uku, ta haɗe su ɗaya, ta gwada. Sambatu. Ta sake, sambatu.

"Ke, ɗaki kika ba Aljani ya tare?" in ji Dogo, maƙwabcin teburinta.

Ta dawo da abin da ta goge, ta jera su. Ashe ɗaya na da layin da sauran ba su da shi: kafin ya zuba kaya a memori, ma'ajiyar kwamfuta, sai ya share wurin da sifiri, kamar mai ɗauraye kofi kafin ya zuba shayi. Sauran biyun kan dattin da suka tarar suke zubawa.

Ta mayar da layin cikin wanda ta haɗe. Kwamfutar ta je, ta dawo, ta sake zuwa, garau. Daɗi ya kashe ta, ta miƙe da takalmi ƙafa ɗaya, Dogo na kiɗa a tebur.

"Oga, zo ka ga gawar Aljaninka!"

Oga ya zo da hula a hannu, ya karanta.

"Wane shashasha ne ya yi wannan kwafe-kwafen tun farko?"

Ya duba sunan wanda ya rubuta, ya ga nasa ne, ya yi gyaran murya.

"Gobe ki zo da wuri," ya ce. Ya ajiye mata hular. "Sa ta a aljihun tebur dai. Ba a sani ba."